Drive, Dropbox, Basecamp ko Frame.io: da wace manhaja ya kamata ka riƙa nuna wa abokin ciniki aiki?

Duk mai yi wa wasu aiki da kwamfuta, mai zanen gini ne, mai tace bidiyo, mai fassara, mai haɗa shafin intanet ko akanta, dole ya kai gaɓar da zai nuna wa mai aikin abin da ya yi. A nan ne aka fi samun tangarɗa. Fayil ya yi nauyi, imel ya ƙi ɗauka. An tura zubi na uku, amma gyaran da ya dawo a kan zubi na biyu aka yi shi. Mai aiki ya ce bai taɓa amincewa da wannan launi ba, kuma babu inda za a buɗe a nuna masa ranar da ya amince.

Manhajojin da ake tallatawa don maganin wannan suna da yawa, kowace kuma na cewa ita kaɗai ta wadatar. A ganinmu, kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya zaɓa yana duban jin daɗin kansa. Kai kullum kana cikin manhajar, ko tana da wuya za ka saba. Abokin ciniki kuwa sau biyu ko uku a mako zai leƙo, galibi ta waya, yana tsakiyar wata hidimar. In aka ce sai ya buɗe asusu, ya tabbatar da imel, ya sauke wata manhaja kafin ya ga hoto ɗaya, rufewa zai yi ya kira ka ya ce a turo masa ta WhatsApp. Daga ranar nan tsarin da ka biya wa kuɗi ya zama naka kai kaɗai. Don haka tambayar farko ita ce: me kake so shi ya yi idan aikin ya isa gare shi? Karɓa kawai zai yi? Zai nuna wurin da yake son gyara? Zai amince ne a hukumance? Ko kuwa bin tafiyar aikin yake son yi mako bayan mako? Kowane rukunin manhaja a ɗaya daga cikin waɗannan ya ƙware, sauran kuma maneji yake yi.

Imel da WhatsApp: inda ƙarfinsu ya tsaya

Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25 a saƙo ɗaya, kuma yadda imel ke juya fayil kafin ya tura shi yana ƙara masa nauyi da kusan kashi ɗaya cikin uku, ga kuma iyakar da kamfanin mai karɓa ya sa wa nasa akwatin, wadda kan gaza taka. Babbar illar imel ma ba nauyi ba ce. Kowane turi sabon kwafi yake haifarwa, bayan wata guda akwai kwafi takwas a hannun mutum biyar, kowa da wanda yake ɗauka shi ne na yanzu. Amma kada a raina shi: wajen ajiye shaidar amincewa har yau babu kamarsa, za mu dawo kan wannan.

WhatsApp yana ɗaukar fayil har gigabait 2 idan an tura shi a matsayin takarda. Idan aka tura hoto ko bidiyo ta hanyar da aka saba, matse shi yake yi, layuka su dushe, launi ya canza, mai aiki ya yi ta ƙorafi a kan lahanin da babu shi a ainihin aikin. Gyaran da aka faɗa a saƙon murya ba a iya nemo shi da bincike, saƙo kuma mai shi na iya goge shi daga ɓangarorin biyu. Amfaninsa ɗaya ne a wannan harka: sanarwa. "Na ɗora zubi na uku, ga mahaɗin." Shi ke nan.

Ma'ajiyoyin intanet uku, da bambancin da ba a gani a talla

Google Drive, Dropbox da OneDrive a fuska aiki ɗaya suke yi: ka ɗora fayil, ka ba da izini, ɗayan ya buɗe. Sararin kyauta ne aka fi kwatantawa: Drive gigabait 15, wanda yake rabawa da Gmail da Google Photos, OneDrive 5, Dropbox 2. Wannan kwatance bai cika amfani ga mai sana'a ba, don ko ba jima ko ba daɗe zai koma tsarin biya. Abin da ke jawo matsala shi ne waye ke ɗaukar nauyin fayil, waye kuma mai shi.

A Dropbox, idan ka gayyaci mutum cikin foldar haɗaka, girman foldar yana cin sararin kowane wanda ya shiga, in dai ba tawaga ɗaya kuke ba a tsarin kamfani. Ka gayyaci abokin ciniki mai asusun kyauta cikin folda mai gigabait 6, ba zai iya ƙara ta a asusunsa ba, sai dai ya riƙa ganin saƙon da ke cewa ya sayi ƙarin sarari. Mafita ita ce a daina gayyata, a ba shi mahaɗin kallo, wanda ba ya cin komai a wurinsa kuma ba ya buƙatar asusu. Idan shi ne zai turo maka kaya, Dropbox na da hanyar neman fayil: ka aika mahaɗi, ya ɗora, kayan su faɗa foldarka, bai ga abin da ke ciki ba, bai buɗe asusu ba. Wannan hanya ta fi duk wata dabara sauƙi wajen karɓar hotuna da takardu daga mutanen da ba su saba da kwamfuta ba. Ƙarfin Dropbox na asali kuwa shi ne daidaita manyan fayiloli tsakanin kwamfutoci ba tare da rikici ba. Idan mutum biyu suka gyara fayil ɗaya lokaci guda, ba ya haɗe su, kwafi biyu yake ajiyewa ya yi wa ɗaya alamar saɓani, sai an zauna an tantance da hannu. Tsofaffin zubi yana riƙe su kwana 30 a ƙananan tsare-tsare, kwana 180 a na masu sana'a.

A Google Drive lissafin daban ne. Fayil yana cin sararin wanda ya ɗora shi, kuma shi ne mai shi, ko da a cikin foldarka yake zaune. Wannan yana da daɗi da farko, don abokin ciniki ba ya asarar sarari. Haɗarin yana zuwa daga baya: wani da kuka ɗauka aikin wucin gadi ya ɗora fayiloli ashirin daga asusunsa, ya tafi, wata rana ya share ma'ajiyarsa, fayilolin su ɓace daga foldarku. Maganin wannan shi ne ma'ajiyar haɗaka ta Google Workspace, tsarin biya na Google don kamfanoni, inda kamfani ne mai fayil ba mutum ba. Duk ofishin da ya wuce mutum biyu, muna ganin bai kamata ya ajiye aikin abokan ciniki a asusun wani mutum ɗaya ba.

Izini a Drive hawa uku ne: mai kallo, mai sharhi, mai gyara. Mutane kan miƙa izinin gyara don gudun kada a dame su da neman izini, alhali mai gyara yana iya goge abu, yana iya gayyato wasu in ba a kashe wannan damar ba, kuma a Google Docs yana iya buɗe tarihin takardar ya karanta duk abin da aka taɓa rubutawa aka goge. Idan a cikin wannan takardar kuka fara lissafin ribarku kafin ku mayar da ita takardar tayin farashi, lissafin na nan a tarihi. Ƙa'ida mai sauƙi: abin da za a nuna wa abokin ciniki a yi masa sabon kwafi, don kwafi ba ya ɗauko tarihin uwarsa, sannan a ba da izinin sharhi. Akwai kuma maɓallin hana saukewa, bugawa da kwafa ga masu kallo da masu sharhi. Yana rage ɓarna, amma ba ya hana mutum ɗaukar hoton fuskar kwamfutarsa, kada a dogara da shi wajen kare aikin da ba a biya ba.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba a Drive shi ne ana iya ɗora sabon zubi a kan tsohon fayil ta wurin sarrafa zubi, mahaɗin bai canza ba. Abokin ciniki ya buɗe mahaɗin da ke hannunsa tun makon jiya, ya ga sabon aiki. Tsofaffin zubi na fayilolin da ba na Google ba suna gogewa bayan kwana 30 ko idan sun kai 100, sai wanda aka yi wa alamar a riƙe shi dindindin. Rauninsa biyu ne a fili: mahaɗin Drive ba a sa masa kalmar sirri, duk wanda ya same shi ya shiga in an buɗe shi ga kowa, sannan idan aka zo sauke babbar folda sai ya ɗaure ta cikin fayilolin zip, wani lokaci ya rarraba su gida-gida, wanda ke rikita mai karɓa ya ɗauka ya samu duka alhali kashi ɗaya ya sauke.

OneDrive kuwa gidansa ne duk inda Word, Excel da PowerPoint suke mulki. Idan abokin cinikinka babban kamfani ne ko hukuma mai amfani da Microsoft 365, sau da yawa ba ma zaɓinka ba ne: sashen kwamfutocinsu kan toshe Dropbox ko Drive gaba ɗaya, mahaɗinka ba zai buɗu a ofishinsu ba. Takardar Word mai tsari mai sarƙaƙiya, da teburori da lambobin shafi da bin sawun gyara, a OneDrive take zama yadda take, in aka buɗe ta da Google Docs kuwa tsarin kan ɗan goce. A asusun aiki, idan ka raba fayil ga wani takamaiman mutum na waje, ana iya aika masa lambar tabbatarwa ta imel ya shiga ba tare da asusun Microsoft ba. Masu biya suna iya sa wa mahaɗi kalmar sirri da ranar mutuwa, haka ma a Dropbox. Abin kiyayewa shi ne sunayen fayil: alamomi irin su : * ? | ba sa shiga, kuma idan folda cikin folda ta yi zurfi har sunan hanyar ya wuce haruffa 400, daidaitawa tsayawa take yi.

Hukuncinmu a kan ukun: rubutu da lissafi da ake gyarawa tare, Drive. Manyan fayilolin zane, hoto da sauti, Dropbox. Abokin ciniki mai zaune cikin Microsoft, OneDrive, ba sai an yi gardama ba.

Idan miƙawa ce kawai

WeTransfer da Dropbox Transfer don turi ɗaya aka yi su: ka ɗora, ka aika mahaɗi, ya sauke, bayan 'yan kwanaki mahaɗin ya mutu. Sun dace da miƙa aikin da ya kammala, ba su dace da aikin da ake kai-komo a kansa ba, don babu tarihin zubi. Ka rubuta ranar mutuwar mahaɗin a cikin saƙon, in ba haka ba za a neme ka bayan wata biyu ka sake ɗorawa.

A nan ya kamata a yi lissafin lokaci. Gigabait 10 daidai yake da megabit 80,000. A layin da ke ɗora megabit 10 a daƙiƙa, daƙiƙa 8,000 ke nan, wato awa biyu da 'yan mintuna, in layin bai yanke ba. Saurin ɗorawa kuma galibi ya gaza na saukewa nesa ba kusa ba. Babu manhajar da za ta canza wannan lissafi. Abin da ke canza shi shi ne ka daina tura ainihin fayil don dubawa: fitar da ƙaramin kwafi, bidiyo mai tsayin layi 720 ko PDF mai sauƙi, ka bar mai nauyin sai ranar miƙawa.

Sharhi a kan ainihin wurin

Yawancin lokacin da ke salwanta a aikin abokan ciniki a fassara gyara yake tafiya. "A gyara wurin nan na sama." Wane sama? A wane shafi? A wane zubi? Manhajojin wannan rukuni matsala ɗaya suke warwarewa: suna liƙa maganar mutum a daidai wurin da yake nufi. Idan aikinka na gani ne, wannan rukuni ya fi ma'ajiya muhimmanci.

Ga bidiyo, Frame.io, wanda Adobe ya saya a 2021, shi ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi. Mai dubawa yana buɗe mahaɗi a burauza, ya tsayar da bidiyo, ya rubuta, sharhin ya manne a wannan daƙiƙar, yana ma iya zana da'ira a kan hoton. Sabon zubi ana ɗora shi a kan tsoho su zama tari ɗaya, a kuma kunna biyu gefe da gefe don a ga ko an yi gyaran. Mai tacewa yana ganin sharhin cikin Premiere Pro, manhajar tace bidiyo ta Adobe, a kan layin aikinsa. Kwatanta da Drive, inda ingancin kallon bidiyo ba ya wuce tsayin layi 1080. Vimeo da Dropbox Replay suna yin irin wannan aiki, kuma wanda ya riga yana biyan Dropbox ya fara gwada Replay kafin ya ƙara wani kuɗin wata-wata.

Ga zanen manhaja da shafukan intanet, Figma ce. Kallo kyauta ne, sharhi kuma ana dasa shi a kan zanen, sai dai mai sharhi yana buƙatar asusu, ko da na kyauta. Abin lura a Figma shi ne fayil ɗin rayayye ne: wanda ka ba mahaɗin ainihin fayil yana ganin duk gwaje-gwajen da ka watsar, har yana iya kallonka kana aiki. Mai aiki ya hango wani zane da ka yi watsi da shi ya ce shi yake so, an koma baya da mako guda. A ware fayil na musamman don nunawa, a kwafa abin da ya kammala kaɗai a ciki.

Ga zanen gini, littafi ko rahoton da aka riga aka tsara, PDF mai karɓar sharhi ya isa, ta Adobe Acrobat ko ma ta cikin Drive da Dropbox, waɗanda dukansu suna barin a zaɓi wani yanki a yi magana a kansa. Ga rubutu zalla, yanayin ba da shawara na Google Docs ko bin sawun gyara na Word. Ga shafin intanet da ake ginawa, a ɗora shi a adireshin gwaji mai kalmar sirri, a kuma hana injunan bincike shiga, don kada Google ya kwashi shafin da bai kammala ba.

Bin tafiyar aiki: nan ne baƙo ke iya shiga har ƙuryar ɗaki

Aikin mako biyu ba ya buƙatar manhajar gudanarwa. Aikin wata shida mai matakai, da mutane da yawa daga ɓangarorin biyu, yana buƙata. Tambayar da za ta raba maka su ita ce: idan na shigo da abokin ciniki, me yake gani ba tare da na yi komai ba?

Trello, mallakar Atlassian tun 2017, ya fi kowa sauƙin fahimta: allo, ginshiƙai, katuna da ake ja daga "ana yi" zuwa "an gama". Ko wanda bai taɓa gani ba zai gane cikin minti biyar. Amma wanda ya shiga allo ya ga duk katunan da duk maganganun da ke kansu, ba a ɓoye kati ɗaya. Dole ke nan a riƙe allo biyu, na cikin gida da na baƙo, wani kuma ya ɗauki nauyin sabunta na biyun. A tsarin kyauta fayil ba ya wuce megabait 10, don haka mahaɗi ake liƙawa ba fayil ba. Kada kuma a taɓa mayar da allo "na kowa" don a sauƙaƙa wa mai aiki shiga: allon kowa injunan bincike suna ganinsa.

Basecamp ta ɗauki hanya kishiyar wannan, kuma ba mamaki, don kamfanin 37signals da ya fitar da ita a 2004 zanen shafukan intanet yake yi wa mutane, don hulɗa da abokan cinikinsa ya gina ta. Idan ka saka abokin ciniki a aiki, komai a rufe yake gare shi sai abin da ka buɗe, kuma kowane saƙo ko jerin ayyuka yana ɗauke da alama a fili mai nuna ko baƙo na gani. Sannan yana iya ba da amsa daga cikin imel ɗinsa, amsar ta faɗa wurin da ya dace. Ga mai aikin da ba zai taɓa koyon sabuwar manhaja ba, wannan kaɗai ya isa dalili. Inda ta gaza shi ne tsara aiki mai sarƙa, wanda wani mataki ke jiran wani. Da gangan aka bar ta da sauƙi, mai neman jadawali mai zurfi zai ji ta matse shi.

Asana, da takwarorinta ClickUp da Monday.com, sun fi ƙarfi a wannan fannin: wa'adi, dogaron aiki a kan aiki, rahoto. A Asana duk wanda imel ɗinsa ba na kamfaninku ba ne baƙo ne, abin da aka raba masa kaɗai yake gani. Matsalarsu ita ce yawan kaya a fuska da yawan sanarwa. Abokin ciniki ya samu imel goma sha biyar a rana ɗaya, ya kashe sanarwa duka, ranar da ake neman amincewarsa bai gani ba. In za a yi amfani da su, a buɗe masa aiki na daban mai ɗauke da manyan matakai biyar zuwa takwas kawai.

Notion tana da kyau wajen gina shafi guda mai tattara komai: bayanin aiki, jadawali, mahaɗan fayiloli, abin da aka yanke a kowane zama. Amma izininta gado ake yi, wanda ka ba shafi ya samu duk ƙananan shafukan da ke ƙarƙashinsa. Kuma tace tebur don ya nuna layukan mutum ɗaya ba kullewa ba ne, tsara kallo ne kawai. Kada a zuba abokan ciniki goma a tebur ɗaya a dogara da tacewa ta raba su. Slack kuwa wurin hira ne, ba ma'ajiya ba: a tsarin kyauta saƙon da ya wuce kwana 90 ba ya ganuwa, kuma yana koya wa mai aiki tsammanin amsa nan take a kowane lokaci.

Idan bayanan masu nauyi ne

Lauya, akanta, ko mai riƙe da bayanan lafiyar mutane ba sauƙi kaɗai zai duba ba. Wasu kwangiloli suna fayyace ƙasar da bayanai za su zauna, kuma wanda ke sarrafa bayanan mutanen da ke Tarayyar Turai yana iya faɗawa ƙarƙashin dokarsu ta kare bayanan mutane, GDPR, da ta fara aiki a 2018. A karanta kwangila kafin a zaɓi manhaja. Nextcloud, manhajar da kowa ke iya ɗauka ya girka a sabar kansa, tana ba da kalmar sirri, ranar mutuwar mahaɗi da foldar ɗorawa kawai, ba tare da wani kamfani ya riƙe fayilolin ba. Sharaɗin shi ne a samu mai kula da ita: sabuntawa, ajiyar kwafi a wani wuri, gyara idan ta faɗi ranar miƙa aiki. Ofishin da ba shi da wannan mutum, ma'ajiyar babban kamfani mai tabbatarwa mataki biyu ta fi masa aminci.

Ko wace manhaja ce, yawancin ɓarakar sirri daga cikin fayil take fitowa. Takardar Word na iya ɗauke da sharhin cikin gida da gyaran da ba a karɓa ba, Excel na iya ɗauke da ɓoyayyun shafuka da ginshiƙai, hoton waya na iya ɗauke da wurin da aka ɗauke shi. Office yana da na'urar binciken takarda da ke zaƙulo waɗannan, a gudanar da ita kafin turawa, ko a fitar da PDF. Kalmar sirri kuma ba a tura ta cikin saƙo ɗaya da mahaɗi.

Amincewa

"Ya yi kyau" a waya ba amincewa ba ce, haka ma alamar babban yatsa. Frame.io na da maɓallin amincewa, wasu tsare-tsaren Asana ma haka, amma waɗannan shaidu suna rayuwa ne muddin asusun na raye. Abin da ya fi ɗorewa shi ne gajeren imel mai ɗauke da sunan fayil, lambar zubi da kwanan wata, wanda mai ikon yanke hukunci zai amsa da kalmar amincewa. Don wannan ya yiwu, sai sunan fayil ya zama mai ma'ana: sunan aiki, lambar zubi mai lamba biyu, sai kwanan wata da aka fara da shekara, kamar tambari_z03_2025-03-14, don kwamfuta ta jera su bi da bi. Kalmar "na ƙarshe" ba ta shiga suna, don ba a sanin na ƙarshe sai an gama. Tun a kwangila a rubuta zagayen gyara nawa ne, biyu ko uku, waye mutum ɗaya da zai tattara ra'ayin ɓangarensu, kuma kwana nawa yake da su. Sharhin mutum biyar masu karo da juna, babu manhajar da za ta sasanta su.

Gwaji kafin biya

Gani ya kori ji. Kafin ka ɗaura wa kanka kuɗin shekara, ɗauki wani tsohon aiki ka ɗora, ka aika wa kanka mahaɗin a wani imel da ba shi da alaƙa da asusunka. Buɗe shi a waya, da datar waya, a tagar sirri ta burauza, don ka ga abin da baƙo ke gani. Ƙirga taɓawa nawa ka yi kafin aikin ya bayyana, in sun wuce uku da yawa daga abokan cinikinka za su gaji a hanya. Gwada barin sharhi. Gwada hawa sama daga foldar, ka ga ko za ka hango sunan wani abokin ciniki. Goge fayil ka dawo da shi. Duba ko baƙo yana cin kujerar biya, wato ko shi ma sai ka biya masa, don a nan ne kuɗi ke ninkuwa ba a lura ba. Daga ƙarshe ka gwada fitar da komai: fayiloli suna fita cikin sauƙi, amma sharhi da tarihin amincewa sau da yawa a can suke maƙalewa.

Yawancin masu sana'a a manhaja biyu za su tsaya, ma'ajiya ɗaya da wurin sharhi ɗaya. Mai fassara ko mai rubuta rahoto, Drive ko OneDrive kaɗai ya ishe shi. Mai bidiyo, Dropbox don ajiya, Frame.io ko Replay don dubawa. Ƙaramin kamfani mai dogayen ayyuka ya ƙara Basecamp a kai. Abin da mai aiki zai riƙe dai kada ya wuce mahaɗi ɗaya, wanda daga shi ake isa ga sauran.

Cikin ma'ajiyar, kowane abokin ciniki da foldarsa, a cikinta ƙananan foldoji uku: abin da ya turo, abin dubawa, abin da aka miƙa. Fayilolin da kake aiki a kansu ba sa shiga nan ko kaɗan, a wata foldar suke wadda ba a taɓa raba ta ba, domin izini daga sama yake gangarowa ƙasa. Ranar da aiki ya ƙare, a miƙa fayilolin tare da sanar da ranar da za a rufe mahaɗi, kwana 30 wa'adi ne mai kyau. Idan ranar ta zo a cire baƙi, a kashe duk mahaɗin da aka buɗe wa kowa, a sauke kwafin foldar tare da imel ɗin amincewa a ajiye a faifai na daban. Kwandon shara na Drive kwana 30 kawai yake riƙe abin da aka goge, kuma ma'ajiyar da ke daidaitawa tana bin sawun kuskure: abin da aka goge a kwamfuta ɗaya, a duk sauran ma ya tafi.